Ragon Gayyar Injiniya Zumreta

In ka shiga Unguwar Rumman yau ka tambayi wace ce Injiniya Zumreta, kowa zai dafa ƙirji ya ce maka ai uwarsa ce. Kada ka saurare su. Waɗannan bakunan da kake ji, su ne suka yi wata da watanni ba sa amsa gaisuwarta, kuma a gabana aka yi. Ni Bisera, da na tsufa ina dafa wa yaran makarantar unguwar nan abinci, tun muna 'yan mata na san ta, kuma ba zan shafa mata mai ba don ba ta nan. Mace ce mai taurin kai, bakinta ba linzami, ko ƙwai ba ta iya soyawa ba. Amma ba ta taɓa duban aiki marar kyau ta ce ya yi kyau ba, sai rana ɗaya tak, kuma labarin ranar nan nake so in ba ku.

Ubanta makiyayin awaki ne a saman tsauni. Shi ya koya mata ɗora dutse kan dutse tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Da ta tashi sai ta tafi Sarajevo ta karanto zanen gine-gine, ta dawo ta kama aiki a ofishin gine-gine na garinmu, ta yi shekara arba'in da ɗoriya a kan kujera ɗaya. A zamanin da kowa ke zuba siminti yana tayar da gidaje kamar akwatuna, ita dutsen wurin take haƙowa ta yi gini da shi. Bango mai kauri, taga tana kallon inda rana ke faɗowa da sanyi, rumfar inabi a ƙofa don inuwa da zafi, rufin da ke tara ruwan sama ya zuba a rijiyar gida. A gidan da ta zana ba ka sayen itace da yawa, ba ka sayen fanka sam. Ba ta yi aure ba. In mata suka dame ta da maganar, sai ta ce ai ta auri gangaren tsauni, kuma miji ne mai son a riƙa lallashinsa kullum.

Bayan yaƙi, da muka dawo muka tarar da tsofaffin gidajenmu sun zama toka, ita ta zana mana Unguwar Rumman a gindin tsauni. Gidaje ne a jere, nawa ne na ƙarshe, kusa da matakalar dutse da ke hawa zuwa gidanta can a kan tudu. A bayan gidajen ta tayar da katanga mai tsawon mutum biyu, wadda ke riƙe da ƙasar tsaunin kada ta gangaro mana. Dutse ne kan dutse, babu ko cokali ɗaya na siminti. Da ruwa ya sauka, sai katangar nan ta kama zubar da ruwa ta kowace kafa, ruwan ya bi kwata ya taru a kwamin dutse da ke bayan gidana, inda muke wanke darduma. Mu mata kuwa mun tsani katangar. Ga gansakuka, ga ƙadangaru, wata shekara har maciji ya fito wa surukata. In muka kai ƙara, amsarta ɗaya ce.

"Ku bar ta ta yi kukanta. Katangar da ke kuka ba ta faɗuwa. Ranar da kuka ga ana ruwa ta yi shiru, ku kwashe yaranku ku gudu."

Muna jin ta ne kawai. A wurinmu, dutse tsirara alamar talauci ne. Kakanninmu da shi suka yi gini don ba su da komai, kuma duk wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Jamus, abin da yake fara yi shi ne ya shafe bangonsa da siminti don maƙwabta su sani. Mun ɗauka rashin kuɗi ne na bayan yaƙi ya sa ta yi mana katanga haka, sai take rufe kunyar da dogon bayani irin na 'yan boko. Har tausayinta muke ji.

Wanda ya fi kowa jin tausayin nan shi ne Stipan. Tare suka yi kiwo suna yara. Shi ya tafi Jamus ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zuba kankare, ya dawo da fansho, da ciwon baya, da injin kwaɓa siminti da yake shafawa kamar doki. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can, gidansa na tsakiyar layinmu. Kusan kullum da hantsi sai sun sha gahawa tare a ƙofarsa, kuma ban taɓa ganin sun rabu ba tare da faɗa ba.

"'Yar boko, yaushe za ki sa wa katangar nan riga? Tsirara take a gaban mutane."

"Bajamushe, sha gahawarka. Kai ko kabarin uwarka aka ba ka, kankare za ka zuba masa."

"Ai na zuba. Je ki gani, ko ciyawa ɗaya babu."

"Allah ya jiƙanta, ko numfashi ka hana ta."

Da lokacin ritayarta ya yi, aka yi mata ɗan taro a ofis, aka ba ta agogon bango, ta miƙa hatiminta ga wani matashi mai ƙamshin turare. Ni na taya ta kwashe kayanta a gida. Duk wani kayan aiki da ta tara a rayuwarta, da igiyar awo, da ma'aunin ruwa, da injin huda bango, da gudumomi, ta rabar wa yaran ofishin. Na ce mata ta bar ko guduma ɗaya don kafa ƙusa.

"Na gama, Bisera. Gwiwoyina sun gama, idona ya yi yana. Zan je a kankare mini yanar nan, in dawo in zauna a baranda in ga abin da na gina da kyau, tunda ban taɓa samun lokacin kallonsa ba."

Ni na raka ta asibiti a Sarajevo, a ƙarshen zafi, muka zauna gidan 'yar ƙanwarta har idon ya warke. Ashe muna juya baya Stipan ya kira gayya. Gida gida ya bi, ya ce baiwar Allah nan ta yi mana bauta shekara arba'in, ba ta da ɗa ba ta da jika, abin kunya ne ta yi ritaya babban aikinta yana tsaye tsirara. Samarin da ke waje suka aiko da kuɗin siminti, har da ɗana. Maza suka kwaɓa, mata suka ɗebo ruwa, tsofaffi suka zauna suna ba da umarni. Mijina Rasim, wanda ko ƙwan fitila ba ya canzawa a gida sai na yi kwana uku ina magana, shi ne aka ce ya fi kowa ɗaukar bokiti. Ni aka ɓoye mini, wai bakina ba ya riƙe magana. Da sun gaya mini ɗin, da bakin nan nawa ya yi musu rana.

Ranar da muka dawo, tun daga bakin hanya muka ji kiɗa. Unguwa duka ta fito. Stipan ya sha kwat ɗinsa na zuwa coci, ya kama hannun Zumreta yana jan ta a hankali, ita kuma tana sanye da baƙin tabaran da likita ya ba ta. Ya kai ta bayan gidaje ya tsayar.

"To, 'yar boko, cire tabarau. Ga abin da za ki fara gani da sabon ido."

Ta cire. Katanga ce fara fat daga wannan ƙarshe zuwa wancan, an cike kowace kafa, an shafe ta sumul, an bi ta da farar ƙasa har tana kashe ido. A tsakiya an rubuta sunanta da manyan baƙaƙe tun simintin yana ɗanye. Wallahi ni kaina sai da na ce kai, ta yi kyau. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, aka tsaya jiran ta yi kukan murna.

Ba ta yi ba. Ta matsa ta dafa katangar da tafin hannunta kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ta daɗe a haka.

"Ina ruwan zai bi?" ta ce.

Stipan ya yi dariya, ya nuna mata wasu 'yan bututun roba da ya jera can ƙasa. "Kin ɗauka ban san aikina ba? Ga hanyarsa nan. Haka ake yi a Jamus."

"A Jamus bayan katangarku tsakuwa ce. Nan yumɓu ne, Stipan. Ruwan farko zai toshe su." Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya da jan idon nan nata. "Wa ya aike ku? Kun toshe mata hanci, kun toshe mata baki. Ku ɗauko diga ku fasa, yau ɗin nan, tun ƙasa tana bushe."

Mai kiɗa ya tsaya. Fuskar Stipan ta yi ja, sannan ta yi fari, ya saki hannunta ya juya ya shige gidansa.

Kowa ya san yadda ake rufe gayya. Wanda aka yi wa aiki zai yanka rago ya tara duk wanda ya sa hannu, da iyalinsa. Zai miƙe a gabansu ya ce, "Hannuwanku sun yi albarka, aiki ya yi kyau," sannan ya miƙa wa shugaban gayya kafaɗar ragon da hannunsa. Ko kaza aka gyara wa akurki sai an yi haka. Wanda ya ƙi, ya tofa wa unguwa yawu a fuska. Aka zuba ido a ga hayaƙi ya tashi a gidan Zumreta, shiru. Na hau na same ta.

"Haba Zumreta, ki yanka musu ragon nan a wuce wurin. Daga baya a lallaɓa a fasa."

"In na ce ya yi kyau, wa zai ƙara yarda a taɓa ta? Shekara arba'in ban sa hannu a kan ƙarya ba, ba zan fara da bakina ba."

"To ai da kin iya magana tun farko. Mutane sun yi miki abin arziki, kin wanke su tas a gaban 'ya'yansu."

"Jikanki da za a haifa, a wane ɗaki zai kwana?"

Ɗakin surukata Almasa, mai juna biyu, shi ne ke jingine da kwatar katangar.

Ta gwada ta ofis. Na raka ta, don ba ta iya saukowa daga matakalar gidanta ita kaɗai sai da wahala. Matar da a da in ta ɗaga yatsa katafila ke tsayawa, ita ce aka ajiye a benci a bakin ƙofa har azahar. Matashin nan mai turare ya fito da fara'arsa, yana ta "Mama, Mama," ya kawo mata shayi. Ya ce ya ga hoton katangar, ta yi kyau ƙwarai, amma tunda hankalinta bai kwanta ba za a turo kwamiti in sanyi ya wuce. Ta ce ruwa ba ya jiran kwamiti. Ya ce ta huta, ta yi nata, yanzu lokacin jin daɗinta ne. A hanyar dawowa na ga hannunta yana shafa aljihun da ta saba ajiye hatimi.

Ta gwada da hannunta. Wata safiya ta ari diga a wurin masu haƙa kabari, ta sauko ta kama sarar katangar ita kaɗai, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ko tafin hannu ba ta ɓantare ba maza suka taru. Rasim ɗina ne ya karɓe digar, yana cewa, "Injiniya, ki ji tsoron Allah, guminmu ne fa." Stipan yana tsaye a ƙofarsa, hannu a aljihu. Da rana ya kwaɓa siminti ya liƙe wurin.

Daga nan aka yanke mata hukunci. Aka ce ritaya ce ta taɓa ta. Wasu suka ce hassada ce, ba ta son a ce wani ya gyara aikinta. Wasu suka ce maganin barcin da aka yi mata a asibiti ne bai sake ta ba. In ta yi sallama, sai mata su duƙar da kai cikin kwandon wanki. Gahawar hantsi ta mutu. Ta koma barandarta ta zauna, ga sabon ido tangaran, ba abin da take kallo da shi sai farar katangar nan.

Da aka gama tsinkar inabi, Almasa ta haihu, namiji. Ana cikin barka iskar kudu ta taso, mai ɗumin nan da ke sa ciwon kai, mai sa karnuka haushi ba dalili. Sannan ruwa ya sauko. Ba irin mai tsawa da walƙiya ba, a'a, irin mai naci, yau ruwa gobe ruwa, har mutum ya manta kalar rana. Da fari bututun Stipan suka zubo da jan ruwa, maza suna nuna wa juna suna cewa ga shi nan, aiki yana yi. Bayan 'yan kwanaki sai suka koma ɗiga. Daga nan suka tsaya.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ƙofar kicin ɗina ce. Shekara da shekaru tana rufuwa da yatsa ɗaya, sai ga shi sai na sa kafaɗa. Rasim ya ce danshi ne ya kumbura katako. Sannan ruwan rijiyarmu ya gurɓace. Sannan na lura itatuwan rumman da ke saman katangar sun ɗan sunkuyo wajen gidaje, kamar masu leƙen abin da muke dafawa. Rasim ya ce tun da can haka suke, in daina neman magana. Wata safiya na fita da laima zuwa kwami, na tarar ba abin da ke shiga cikinsa sai ruwan da ke faɗowa daga sama. Kwata a bushe. Katanga fara tas, shiru, ga wani siririn layi kamar gashi ya ratsa ta tsakiyar sunan Zumreta. Tsoro ya kama ni, irin wanda rabona da shi tun yaƙi.

Na hau matakalar nan ina haki. Na same ta a baranda da bargo a kafaɗa. Ban buɗe baki ba ta ce, "Ta yi shiru, ko?"

"Ta yi."

"In na ce su fita, za su fita?"

"Ko Rasim ɗina ba zai fita ba. Zai ce kin turo ni."

Ta leƙa ƙasa wajen katangar. Sannan ta ce, "Je ki sayo mini rago. Biyu. Gobe da rana zan rufe gayya."

Kafin in tambaye ta dalili, ta ci gaba.

"Ki bi gida gida. Ki ce Zumreta ta yi nadama. Ki ce duk wanda ya bar ko jariri ko tsohuwa a gida bai karɓi tubana ba. Ki aro mini katifun makaranta a ɓoye. In suka shigo gidan nan ba mai fita sai ruwa ya ɗauke, ko da zan kulle ƙofa in haɗiye mabuɗi."

Tabɗi! Ku zo ku ga murna a unguwa. Ai dama mun faɗa, in ji mata, girman kai ba ya kai mutum ko'ina. Washegari aka yi ta hawa cikin ruwa, laima bayan laima. Aka ɗauko tsohuwar da ba ta tafiya a kan kujera. Almasa ta naɗe jariri a ƙirjinta, ni na riƙe mata laima, kuma ban saki numfashi ba sai da ƙafarta ta taka dandamalin gidan Zumreta. Ni na gasa ragunan, na yi dolma, wato ganyen inabi cike da shinkafa da nama, na yi burodi. Gida ya cika maƙil, tagogi suka yi gumi, yara suna rarrafe ƙarƙashin tebur.

Da aka zuba abinci, ta dafa sanda ta miƙe. Kowa ya yi tsit.

"Hannuwanku sun yi albarka," ta ce. "Aiki ya yi kyau."

Aka ɗauki tafi. Rasim har da hawaye. Ni kuwa na juya na shige kicin, don na san abin da maganar nan ta ci mata, kuma ban iya kallon fuskarta ba. Ta biyo ni.

"Ina Bajamushe?"

Sai a lokacin na lura. Na je gidansa jiya, ya ce ya ji. Amma bai zo ba.

"Zuba mini kafaɗar a faranti, ki rufe."

"Zumreta, ki aiki ɗaya daga cikin samari."

"Saurayi zai dawo ya ce ya ƙi. Kuma kin san doka, da hannuna zan ba shi." Ta karɓi farantin, ta rataya laima. "Kada ki bar kowa ya biyo ni. In sun gama nama ki ba su gahawa. In sun gama gahawa ki sa Rasim ya yi waƙa, wannan zai riƙe su ko don su ga ƙarshen abin kunya."

Na tsaya a baranda ina kallon ta tana sauka, mataki ɗaya, hutu ɗaya, sanda a hannu ɗaya faranti a ɗayan, laimar a maƙale a kafaɗa. Daga nan sama ana ganin bayan gidajen duka. Sai a lokacin na hango Stipan. Ba ya cikin gida. Yana gindin katanga cikin ruwa, ba hula, yana sarar ta da diga, daidai inda ya rubuta sunanta. Ashe ya ga layin nan shi ma. Ashe jira yake kowa ya hau sama, don kada wani ya ga yana fasa aikin hannunsa.

Na ga ta isa wurinsa. Na ga ya tsaya, ya juya mata baya, ya ci gaba da sara. Na ga ta zagayo gabansa ta tsaya tsakaninsa da katangar. Hannuwa suna ta tashi sama, na san faɗan da suka yi wata biyu ba su yi ba ne suke biya. Tana nuna masa matakala, yana girgiza kai yana nuna katanga. Can sai na ga ta duƙa ta duba inda ya sara, ta miƙe ta faɗa masa wata magana, ta tura masa farantin a ƙirji. Ya yar da digar, ya karɓa, ya nufo matakala da sauri. Ita kuma ta bi ƙofofin gidaje tana bubbuga kowacce da sanda, tana leƙawa, har ta iso tawa, sannan ta juyo ta kama hawowa a bayansa.

A ciki Rasim ya fara waƙa, ana ta dariya. Ni ina riƙe da ƙarfen baranda ina ce mata a zuciyata, yi sauri, 'yar taurin kai, yi sauri.

Stipan ya iso jiƙe sharkaf, yana haki kamar zai shiɗe, faranti a hannu.

"Bisera, ina injin? Yi maza!"

"Wane inji?"

"Na huda bango! Ta ce diga ba za ta yi ba, ta ce yana bayan ƙofar ɗakinta, in ɗauko tana jira na, ita gwiwarta ba za ta iya..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskata. Ni na share gidan nan da hannuna ranar da ta rabar da kayanta. Ko ƙusa babu a cikinsa.

Ƙarar ba ta yi ƙarfi ba da farko. Wani irin nishi ne daga cikin ƙasa, na ji shi a tafin ƙafata kafin in ji shi a kunne. Farar katangar ta kumburo a tsakiya, ta buɗe, tsaunin ya biyo bayanta da itatuwansa a tsaye. Rufin Stipan ya fara tafiya, sannan na kusa da shi, har zuwa nawa. Jar laka ta cika layin, ta haɗiye gindin matakala. Waƙa ta tsaya. Mutane suka fito baranda da nama a hannu, ba wanda ya iya ko salati sai tsohuwar nan ta kan kujera.

Ba mu rasa ko yaro ɗaya ba. Gadon jikana da aka tono daga baya ya baje kamar faifai.

Ita kuma a kan matakala muka same ta, da maza suka yi haƙa har yamma da shebur da hannu. Ta hau fiye da yadda na zaci gwiwoyin nan za su iya. Sandar tana hannunta, fuskarta tana kallon sama. Tahowa take. Wannan nake so a sani, don na ji wasu suna cewa wai ta zaɓi ta tafi tare da katangarta. Ƙarya ne. Matar nan ta gyara idonta don ta zauna ta yi kallo, kuma saura kaɗan ta iso.

Da aka hau da ita gida aka shimfiɗe ta, na fito baranda neman zanen rufa. Stipan yana nan inda na bar shi, a zaune a ƙasa cikin ruwan da iska ke kaɗowa. Shi kaɗai ne namijin da bai sauka haƙa ba. Farantin yana kan cinyarsa, a rufe yadda na rufe shi. Na miƙa hannu in karɓa, ya ƙanƙame.

"Da hannunta ta ba ni," ya ce. "Ta ce in riƙe da kyau kada ruwa ya shiga."

Na bar masa, na koma ciki wurin mata.